A Wace Ƙofa Maraya Zai Yi Sallama?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:17-22, Ayyukan Manzanni 6:1-7, Yakubu 1:27

Muna gaida ku da kuke Goronyo da Wurno da Raba, da ku na ƙauyukan bakin Gulbin Rima, da dukan wanda wannan murya ta iske shi a gida, ko a shago, ko a gadon asibiti.

Kowa a wannan yanki ya sani ranar Lahadi kasuwar Goronyo take ci. A irin wannan rana ce, 17 ga Oktoba 2021, 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar, gwamnatin jiha kuwa ta ce mutum 43 suka rasu. Kafin nan, a watan Yuli 2018, an kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da kewayenta cikin ƙasar Raba, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Gandi. Kafin nan kuma, ambaliyar 2010 ta ci gidaje da gonaki masu yawa a ƙasar Goronyo. A kowane lokaci rediyo yakan faɗi yawan waɗanda suka mutu. Amma yawancin mazan da suka fita kasuwa ba su komo ba, sun bar mata da 'ya'ya a gida. Bayan kwana bakwai 'yan gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi, an mai da tukwanen aro. A rana ta takwas, sa'ad da hatsi ya ƙare, a wace ƙofa maraya zai yi sallama? Wannan ita ce tambayarmu ta yau.

Abin da Allah ya umarta

Muna roƙonku ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta ayoyin nan da kanku. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, Allah ya yi wa manomin Isra'ila magana a kan girbi. In ya manta da dami a gona, kada ya koma ɗauka. In ya kaɗe itacen zaitun, kada ya sake binsa. In ya tsinke inabi, kada ya koma yin kala. Abin da ya ragu rabon mutum uku ne: baƙo, da maraya, da gwauruwa, wato matar da mijinta ya rasu. A sura 14 kuma an umarta cewa kowace shekara ta uku a tara zakar amfanin gona a cikin gari, domin Balawe da waɗannan ukun su ci su ƙoshi.

Ku lura da kyau, Allah bai bar abin ga zuciyar manomi ba. Bai ce sai ranar da tausayi ya kama shi ba. Ya sa wuri, wato gona. Ya sa lokaci, wato kaka da shekara ta uku. Ya ambaci masu rabo. Saboda haka sa'ad da Rut ta shiga gonar Bo'aza yin kala, ba bara ta je ba, hakkinta ta je ɗauka. Kalmar da Yahudawa suke kiran taimakon matalauci da ita, wato tsedaka, tushenta ɗaya da kalmarsu ta adalci, kuma 'yar'uwar kalmarmu ce ta sadaka. A wurinsu wanda ya ciyar da maraya ba alfarma ya yi ba, bashi ya biya.

Yadda Yahudawa suka riƙe wannan umarni

Ba maganar siyasa ko yaƙin ƙasashe muka zo yi ba. Muna duban Yahudawa ne domin ta wurinsu muka karɓi waɗannan littattafai, domin kuma sun daɗe cikin wani hali mai kama da namu. Ɗaruruwan shekaru sun zauna 'yan kaɗan a garuruwan waɗansu, a warwatse, da yawansu ba su da gonar da za a yi kala a ciki. To, yaya suka yi da marayunsu?

Littafin koyarwar malamansu da ake kira Mishna, wanda aka haɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, da Talmud da ya biyo bayansa, sun nuna mana. Kowane gari yana da asusu, sunansa kuppa. Mutum biyu suke bi su tara, mutum uku suke rabawa, kada wani ya riƙe kuɗin jama'a shi kaɗai. Ana raba wa matalautan gari kowace Juma'a, kafin Asabar ta shiga. Akwai kuma akushin abinci, sunansa tamhui, wanda ake rabawa kullum ga kowane mayunwaci, ko baƙo ne mai wucewa. In marainiya ta isa aure, asusun jama'a ne yake yi mata kaya. In maraya zai yi aure, a kama masa ɗaki, a sa masa gado da kayan aiki tukuna. Malaman sun koyar cewa wanda ya goyi maraya a gidansa, ana lasafta shi kamar shi ya haife shi. Sun kuma koyar a ciyar da matalautan waɗanda ba Yahudawa ba tare da nasu, saboda zaman lafiya.

Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya shaida cewa bai taɓa jin labarin jama'ar Yahudawa da ba ta da irin wannan asusu ba. Ya jera hawa takwas na bayarwa. Mafi girma a cikinsu shi ne ka ba mutum jari, ko rance, ko aiki, har ya tsaya da ƙafafunsa.

Wannan asusu ne ya girma ya zama ƙungiyoyin da suke da su a zamaninmu. A Landan akwai Norwood, wadda tushenta ya kai 1795, ta daɗe tana riƙon marayu, daga baya ta mai da hankali ga iyalai da yara masu naƙasa. A New York ta Amurka an kafa Ohel a 1969, sunan nan kuwa ma'anarsa alfarwa. An kafa ta domin yaron da ya rasa kulawa a gidan iyayensa ya sami wani gida a cikin jama'arsa, inda zai tashi da addininsa da al'adarsa. A manyan biranen Amurka da yawa akwai ofishin taimakon iyali na Yahudawa, inda mai neman ɗan riƙo, da miji da mata masu saɓani, da mai baƙin ciki, za su sami wanda aka horar domin ya saurare su.

Wani zai ce, ai su masu kuɗi ne. Amma ku tuna, abin bai fara da ofis ba. Ya fara da mutum biyu masu tarawa, da mutum uku masu rabawa, da ranar da kowa ya sani.

Ikkilisiya ta fari ma haka ta yi. A cikin Ayyukan Manzanni sura 6 ana rabon abinci kowace rana, sai gunaguni ya tashi domin ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci. Manzanni ba su ce wa matan nan su yi shiru ba. Ba su kuma yi wa'azi a kan gunaguni ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. A cikin 1 Timoti sura 5 mun ga har jerin sunayen gwauraye ikkilisiya take da shi. Ashe, rubuta suna a littafi ba rashin ruhaniya ba ne.

Riƙo irin na Mordekai

Mu a ƙasar Hausa ba baƙin riƙo ba ne. Tun kaka da kakanni gwaggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta, kawu yakan ɗauki ɗan 'yar'uwarsa, mukan ce ɗa na kowa ne. Sai mu faɗi gaskiya kuma, yawancin marayun da rikicin nan ya bari 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, danginsu ne kuwa suka ɗauki nauyinsu, sau da yawa daga cikin ɗan abin da bai ishe su ba. Suna da zakka, Jihar Sakkwato kuma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi mai taimakon marayu. Wannan abin yabo ne.

To, mu fa? Mu masu bi a wannan yanki kaɗan ne, da yawa daga cikinmu aiki ne ya kawo mu: malamin makaranta, ɗan sanda, ma'aikacin asibiti, mai shago, makanike. In mutum ya rasu a nan, danginsa suna can tafiyar yini ko fiye. Matarsa ba ta da gwaggo a bayan gida. Ikkilisiya ce gwaggonta, ikkilisiya ce kawun 'ya'yanta. In mun kasa, ba wata ƙofa.

Littafin Esta sura 2 ya nuna mana riƙo na gari. Hadassa, wato Esta, ba uwa ba uba, sai Mordekai ɗan'uwanta ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa. Abu biyu muke gani. Na fari, littafin bai daina kiranta 'yar Abihail ba. Riƙo ba ya share sunan uba, yaro yana da hakkin sanin asalinsa da danginsa da gadonsa. Na biyu, bayan an kai ta fada, Mordekai yana zagayawa kowace rana ya ji lafiyarta. Bai ce ya sauke nauyi ba.

Bari mu tambayi kanmu. 'Yar riƙon da take gidanmu, kwano ɗaya take ci da 'ya'yanmu, ko sai sun ƙoshi a miƙa mata ƙanzo? Sa'ad da namu suka sa kayan makaranta, ita faranti muke ɗora mata na tallar albasa? Wa yake fara tashi da asuba, wa yake ƙarshen kwanciya? In baƙo ya shigo gidanka ya iya nuna ɗan riƙo da yatsa ba tare da an faɗa masa ba, to, ba riƙo kake yi ba, bawa ka samu. Allah kuwa ya yi kashedi mai zafi a Fitowa 22:22-24, cewa kukan maraya da na gwauruwa yana kaiwa kunnensa, shi da kansa zai tashi.

Kukan da ake yi a cikin ɗaki

Akwai wani maraici kuma, wanda mai shi yana da miji da rai. A nan za mu furta laifinmu, da izinin wadda abin ya shafa, ba kuwa za mu faɗi suna ko gari ba. Shekarun baya, muna sabon shiga aiki, wata 'yar'uwa ta yi sallama a gidanmu da dare, goye da yaro, leɓenta a fashe. Mijinta mai hidima ne a majami'a, ba ya fashin sujada. Muka ba ta ruwa, muka yi addu'a, muka ce mata haƙuri maganin zaman duniya, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sa'an nan muka raka ta har ƙofar gidan da ta gudo. Muna tsammani mun gyara aure. Bayan 'yan watanni aka kira mu asibiti, hannunta a karye, cikin da take ɗauke da shi ya zube. Ba ta zarge mu ba. Abin da ta ce kawai, ta zo wurinmu, mun mai da ita. A makarantar tauhidi mun koyi Helenanci da tarihin ikkilisiya, amma a daren nan ba mu san abin da za mu yi da mace mai jini a baki ba.

Yahudawa ma sun yi irin wannan tuntuɓe. Suna da wata magana mai daraja, shalom bayit, wato salamar gida. Shekaru da yawa ana amfani da ita a rufe bakin mata, ana cewa irin wannan abu ba ya faruwa a gidan masu tsoron Allah. Sai daga baya suka farka. A 1993 aka kafa Shalom Task Force a New York, da lambar waya wadda mace za ta kira a asirce. A 1996 wani malaminsu, Abraham Twerski, wanda kuma likitan ƙwaƙwalwa ne, ya buga littafi a kan dukan mata a cikin jama'arsu. Waɗansu suka ji haushi, suka ce ya tona asirin gida, amma maganar ta fita ke nan. A Ingila kuma akwai ƙungiyar Jewish Women's Aid mai taimakon matan da ake zalunta da 'ya'yansu. Abin da suka gane shi ne, gidan da ake duka a cikinsa shiru yake da shi, ba salama ba.

Haƙuri 'ya'yan Ruhu ne, ba mu musu. Haƙuri da talauci, da ciwo, da halin juna, wannan dole ne cikin aure. Amma ba inda Maganar Allah ta ba miji sanda. Afisawa sura 5 ta auna ƙaunar miji da ta Almasihu, wanda ya ba da ransa, ta kuma ce mace jikin mijinta ce, ba wanda yake ƙin jikinsa. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji gallaza wa matarsa. Malakai sura 2 ta ce Allah shi ne mashaidin alkawarin aure, yana kuwa ƙin karɓar baikon mai cin amanar matarsa. 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗi miji cewa wulakanta mace yana toshe addu'arsa. Ɗan'uwa, in hannun da kake ɗagawa ranar Lahadi shi ne kake saukewa a kan matarka ranar Litinin, ba ita ce take rushe gidanka ba, kai ne. Ƙofar tuba a buɗe take, amma tuba ba hawaye ba ne a gaban dattawa, barin abin ne.

Ku sani kuma, wannan laifi ne a gaban hukuma. Nijeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, a ƙarshen 2021 kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan irinta ta Jihar Sakkwato, tare da dokar kare yara. A 2020 aka buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato domin jiyya da shawara ga waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka ci zarafinsu. Kai irin wannan magana gaba ba tona asirin ikkilisiya ba ne. Romawa sura 13 ta ce mai mulki ma'aikacin Allah ne domin hukunta mugunta.

Abin da za mu iya yi

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ga abu biyar da ikkilisiya mai mutum talatin ma za ta iya.

Na ɗaya, a sayi littafi. A rubuta kowane maraya da kowace gwauruwa, shekarun yaro, ajinsa, wanda yake riƙonsa, da abin da ubansa ya bari, a gaban shaidu, kada gado ya narke a hannun dangi.

Na biyu, a kafa asusu dabam da na gini. Biyu su tara, uku su raba, a cikinsu lalle a sami mace daga Zumuntar Mata. A kaka kowane gida ya kawo kwanon gero ko shinkafa, mai albashi ya kawo nasa a ƙarshen wata. A sa ranar rabo, a yi shi ba tare da kiran suna daga bagade ba. In da hali, a ba gwauruwa jari, ko keken ɗinki, ko tunkiya, gama wannan ya fi mudun yau.

Na uku, a sa wanda zai riƙa zagaya kowane ɗan riƙo sau ɗaya a wata, kamar Mordekai, ya zauna da yaron, ya dubi littattafansa na makaranta, ya ji daga bakinsa.

Na huɗu, a zaɓi mata biyu da maza biyu masu riƙe asiri, a sanar da jama'a cewa su ne masu sauraro. Abin da aka faɗa musu kada ya zama roƙon addu'a a taron mata, ko misali a wa'azi.

Na biyar, a san gidan da mace za ta kwana in ta gudo da dare. A fara da lafiyarta, a kai ta asibiti in da rauni. Kada a mai da ita a daren. Kada a zaunar da ita gaban mijin a ce ta maimaita. Dattawa su same shi shi kaɗai, a sauke shi daga hidima in yana da ita, in rai yana cikin hatsari kuwa a sanar da hukuma.

Kada kuma mu tsaya ga namu kaɗai. Galatiyawa 6:10 ta ce mu kyautata wa kowa. Marayan da yake maƙwabtaka da kai, ko ba ya shiga majami'arka, yunwarsa iri ɗaya ce. Ka ba shi domin Allah, ba da wani sharaɗi ba.

Yakubu 1:27 ta auna sahihiyar ibada da ziyarar marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Mu kanmu marayu ne dā, ba mu da rabo, ba mu da suna, sai Allah ya ɗauke mu ya mai da mu 'ya'yansa ta wurin Almasihu, bai kuwa ba mu kwano dabam ba. Wanda aka yi wa haka, ba shi da hujjar rufe ƙofa.

Ke kuma 'yar'uwa da kike jin wannan magana da rediyo a ƙasa-ƙasa don kada a ji, Allah ya ga abin da ake yi miki. Ba laifinki ba ne. Ki faɗa wa wata da kika amince da ita, in ba a saurare ki ba ki faɗa wa wata kuma.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne gatan wanda ba shi da gata. Muna kawo maka marayun Goronyo da Wurno da Raba, da matan da aka bari da 'ya'ya, da masu kuka a cikin ɗaki. Ka gafarta mana domin waɗanda suka zo wurinmu muka mai da su. Ka ba ƙasarmu zaman lafiya, manomi ya je gonarsa ya komo, ɗan kasuwa ya je kasuwa ya komo. Ka juyo da zuciyar mai duka. Ka ba ikkilisiyarka hikima da aminci cikin abin da aka danƙa mata, domin duk wanda ya yi sallama a ƙofarmu ya ji an amsa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.